Saƙon da Na Tura Umburana

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Burodin farko ya ƙone ta ƙasa. Shekara talatin da ɗaya ina gaban tanda a São Paulo, na manta rabon da in ƙona burodi. Sueli ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta dube ni, ta ajiye. Matata ba ta faɗa a gaban masu saye, tarawa take yi sai an rufe shago.

Jiya aka yi zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa. Ba wanda ya kai rabi, sai an sake ranar ashirin da shida. Seu Ademir, tsohon direban tasi da ke shan kofi a kantarmu kullum ƙarfe bakwai, ya shigo da jarida ya shimfiɗa ta a kan gilashin kek. An zana taswirar ƙasa da launi biyu.

"Duba nan, Genival. Nan ƙasa mu ne, masu biyan haraji. Nan sama masu ci ne. A samo almakashi a datse ta daidai nan, kowa ya huta."

Yatsansa a kan Pernambuco yake, jihar da aka haife ni. Da ya gusa da shi kaɗan zuwa hagu, da ya taɓa rufin ɗakin Mainha, wato mahaifiyata.

"Ban da kai fa, ɗan Bahia. Kai ai ka zama namu tuntuni."

Duk wanda ya fito daga arewa maso gabas ɗan Bahia ne a wajensu. Ni ban taɓa taka Bahia ba sai in motar gida ta tsaya shan mai. Na yi dariya, na ƙara masa madara.

Na goge saƙon muryar da na tura wa rukunin 'yan gidanmu na waya jiya da yamma. Kafin in goge, mutum goma sha ɗaya sun riga sun saurara.

Talata, 7 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na kira Creuza sau uku. Ita ce babbarmu, ita ke zaune da mahaifiyarmu a Umburana, wayar Mainha ma a hannunta take. Ba ta ɗauka ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Akanta ya zo ya tafi. Ban ce abin da na faɗa a saƙon daidai ne ba, amma wannan ma yana da hakkin a rubuta shi. Ina biyan haraji a kan fulawa, ina biya a kan wuta, ina biya a kan kowane mutum da na ɗauka aiki, kusan kamar na ɗauki mutum biyu. A watan Agusta na sallami Cida, wadda ta shekara tara tana yanka mana cuku a bayan kanta. Ba ta zage ni ba. Ta ce ta fahimta, ta ninke rigar aikinta ta ajiye a kan kujera. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Lahadi ina zaune da takardar haraji a kan cinya, na sha kwalba biyu, sai na ga sakamakon Umburana. Mutum ɗari tara da wani abu suka jefa ƙuri'a. Waɗanda suka zaɓi wanda na zaɓa su arba'in da ɗaya ne. Ana cikin haka wani ya turo bidiyo ana rawa a dandalin coci. Shi ne na danna wayar na fara magana.

Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Ko burodi ba ya fara ja a wannan lokacin.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Wata mata ta shigo ta tambaya ko muna yin dambun masara. Daga jin yadda ta ja ƙarshen maganar na san 'yar wajenmu ce. Na ce ba ma yi.

Tun da ta fita nake jin ƙamshinsa. Mainha takan jiƙa garin tun da asuba, ta ɗaure shi a tsumma a bakin tukunya, ta kife faranti. In akuya ta ba da nono mu ci da nono. In ba ta bayar ba, a fasa mazarƙwaila da bayan wuƙa, kowa ya sami ɗan guntu. Mu shida ne a lokacin. Creuza ce ke rabo, kuma kullum sai ta ce nata ne ƙarami, alhali ta ɓoye wani a aljihu. Daga nan ni da jaki mu kama hanyar ruwa, garwa huɗu, tafiyar awa biyu, dajin ya bushe ya yi fari fat kamar an zuba masa toka. Ina tsanar hanyar nan a lokacin. Yanzu in na kwanta ita nake bi, itace bayan itace, har in kai gindin itacen umbu inda muke hutawa.

Ba a kira ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Kuɗin da nake tura wa Mainha duk wata sun dawo. Babu ko kalma a tare da su.

Lahadi, 12 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Duk Lahadi bayan an tashi daga coci nake kira. Yau Creuza ta ɗauka.

Na ce, "Ba ni Mainha in nemi albarka."

"Tana kwance."

"Creuza, na san na yi kuskure. Ba da ku nake ba."

"Da wa kake? Mutanen wata duniya ne a rukunin? Ni ce, da Mainha, da 'ya'yan kawu."

Na ce ai ta san halin da nake ciki, ta san batun Cida.

"Na sani. Da haka ka ce, da har kuka za mu taya ka. Amma tsaya in tambaye ka, Vado." Rabon da wani ya kira ni Vado tun bikin ƙanenmu. "In Mainha ta sayi sabulu, farashin da kai kake saya take saya ko an rage mata? Gishiri fa? Gas ɗin girki? Duk da haraji a ciki, ni malama ce, na koya wa yara wannan. Kai kana biya daga abin da ya rage maka. Ita daga abin da za ta ci take biya. Fanshon da kake gori a kai kuwa, shekara sittin tana riƙe da fartanya. Je ka duba hannunta ka gaya mini ko kyauta ce."

Ta ci gaba.

"Sau uku ta sa na kunna mata. A na ukun ta ce in tsayar a daidai kalmar nan, ta tambaye ni wai ko muryarka ce, ko irin abin nan da ake haɗawa da na'ura. Na so in ce mata na'ura ce. Ban iya ba."

Sai ta ce wake yana ƙonewa, ta kashe.

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Ba zan rubuta kalmar a nan ba.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Bayan mun ja ƙofar shago Sueli ta zauna a kan buhun fulawa ta cire takalmi. Na san lokacin ya yi.

"Ka tuna ranar da ka zo neman aurena?"

Na ce na tuna.

"Babana ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutanen da suka zo cinye garin nan ba. Ka tsaya a ƙofa da hula a hannu, kunnuwanka sun yi ja. Da muka fito ka ce mini, duk benen da ke titin nan 'yan garinku ne suka ɗora bulonsa. Don wannan maganar na aure ka, Genival, ba don kyau ba, kar ka ruɗi kanka."

Na ce ai ita ma wanda na zaɓa ta zaɓa.

"Shi na zaɓa, shi zan sake zaɓa. Shagon nan nawa ne ni ma, kuma ina ganin da shi za mu fi numfashi. Amma ni ban zagi uwar kowa ba."

Ta sa takalminta ta hau sama.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Shekarar da na baro gida ruwa bai sauka ba karo na uku a jere. Painho, mahaifinmu, ya rasu kafin nan da shekara biyu. Akuya bakwai suka rage mana. Mainha ta kora biyar zuwa kasuwar Asabar da kanta, ta dawo da tikitin mota da takalmi sau ciki, lamba ɗaya ya yi mini yawa. Ta ce ƙafa tana girma a birni. Ta soya kaza ta birkiɗe ta da garin rogo a cikin gwangwani don kada ta lalace a hanya. Kwana uku ina cin kazar nan, ina rage ta, don ina ganin in ta ƙare gida ya ƙare.

A tasha ba ta yi kuka ba. Ta gyara mini wuyan riga ta ce kada in yi magana da ƙarfi a can, kada su gane daga inda nake su raina ni. Na bi maganarta sosai. Har yadda suke furta harafin r na koya.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Seu Ademir ya zo da sabon lissafi daga rediyo: wai in jihar São Paulo ta tura wa gwamnatin tarayya harajin reais ɗari, goma kawai ke dawo mata, sauran can arewa ake kaiwa a sayi ƙuri'a da su.

Na ce, "Seu Ademir, fanshonka daga ina yake fitowa?"

"Ni ai na yi aiki."

"Uwata ma ta yi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai, yau da wace ƙafa ka tashi? Ba da tsohuwa nake ba. Allah ya ƙara mata lafiya."

Haka ni ma na ce wa Creuza, ba da ku nake ba. Da na ji ta a bakin wani sai na ji yadda take.

Ya biya kuɗin kofinsa, ya bar jaridar. Mutumin kirki ne. Lokacin da Sueli ke naƙuda shi ya kai mu asibiti, ya ƙi karɓar ko sisi.

Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Ba a kira ba. Na sake tura kuɗin. Sun sake dawowa kafin in wanke hannu.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Creuza ce ta kira da kanta, ina tsakiyar ba wa wani canji.

Mainha ta faɗi ranar Talata a bakin tankin ruwa. Kwana uku ta yi a asibitin gari, jiya aka sallame ta. Bakinta ya ɗan karkace amma tana magana. Hannun dama ba ya ɗaguwa.

Na ce me ya sa sai yau.

"Ita ta hana."

Na ce ba tana shan maganin hawan jini ba?

"Wanda ake bayarwa kyauta tana sha. Ɗayan, mai tsadar, wanda kake saya..." Sai ta ƙarasa: "Yana nan a kan kabad. Ta ce a ajiye maka kayanka."

Na tambaye ta ko likita ya ce shi ne dalili.

"Likita bai ce ba, ni ma ba zan ce ba. Shekararta tamanin da uku, Vado. In za ka zo ka zo. In ba za ka zo ba kada ka turo saƙo."

Mutumin yana tsaye yana jiran canjinsa. Sueli ce ta zo ta karɓi kuɗin daga hannuna.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na je coci na zauna a baya. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Kuɗin jirgi a makon zaɓe ba na mai gidan burodi ba ne. Na sayi tikitin mota na Laraba. Sueli ta kira Cida ta riƙe mata kantar shagon har in dawo, Cida ta ce tana zuwa tun kafin a gama tambayarta.

Sueli ta ce, "Ka san ba za ka jefa ƙuri'a ba ke nan. Katinka na nan ne."

Na ce na sani.

"Ademir zai ce ka sa mun yi asarar ɗaya."

Ta sa mini rigar sanyi a jaka. Na ce can ba a sanyi. Ta ce cikin mota ana yi, in bar ta ta yi abin da ta sani.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe sha biyu na rana, a hanya

Motar cike take da masu komawa gida zaɓe. Matar da ke kusa da ni shekara ashirin da biyu tana aikin gida a unguwar masu kuɗi, amma ba ta taɓa mayar da katinta São Paulo ba. Ta ce, "In na mayar, da wane dalili uwar ɗakina za ta bar ni in je in ga 'ya'yana?" Ta miƙo mini kaza da garin rogo a cikin roba. Ta tambaye ni ni ma zaɓe zan je? Na ce gaisuwa. Ba ta ƙara tambaya ba.

Tun safe kore yake raguwa a taga. Gonakin rake sun wuce, shanu sun fara ramewa. A inda muka tsaya cin abinci mai sayarwa ta ce mini "ɗana", alhali na girme ta. Na tsaya da tire a hannu kamar wawa.

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma, Umburana

Shekara shida rabona da nan. An zuba kwalta har dandalin coci. Jakuna suna yawo a daji ba mai su, kowa ya koma babur. Kowane gida da farin tankinsa a gefe, wanda ke tara ruwan rufi. Hanyar da nake bi da garwa ciyawa ta rufe ta, na nemi bakinta ban gane ba. Tutocin ɗan takararsu a kan kusan kowace ƙofa, har da tamu.

Mutane sun gaishe ni. Ba wanda ya ce komai. A gari irin wannan, in ba a ce komai ba, to kowa ya ji.

Mainha tana kan kujera a baranda, an sa mata matashi a ƙarƙashin hannun. Ta ƙanƙance. Na durƙusa na ce, "Albarkarki, Mainha."

"Allah ya yi maka albarka."

Ta faɗe ta kamar yadda nake miƙa wa baƙo canji. Ta dubi takalmina, ta dubi jakata, ta ce wa Creuza, "A ba shi ruwa. Na tanki ne, in zai iya sha."

Na shanye kofi biyu a tsaye.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na tashi na gyara ƙyauren garken awaki, na share gindin tanki, na canja kwan fitilar kicin. Duk abin da hannuna ya kai na taɓa. Na fara magana sau biyu, sau biyu tana cewa a ƙara mata sautin rediyo.

Kwalbar maganin tana kan kabad. Na ɗauko ta da ruwa na ajiye a kusa da ita, na fita. Da na dawo tana nan yadda na bar ta.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Mainha ta ce gobe za ta je zaɓe.

Creuza ta ce, "Mainha, wanda ya wuce saba'in ba dole ba ne. Likita ya ce ki huta."

"Likita ya jefa tasa."

Muna tsinke wake a bayan gida Creuza ta ce, "Kai ba za ka tuna ba, kana wajen ruwa ranar da ta fara jefa ƙuri'a." Na ce na tuna. A da wanda bai iya karatu ba ba ya zaɓe. Painho ya iya rubuta sunansa, shi kaɗai motar mai gona ke ɗauka, a ba shi ambulan a manne, a ba shi abincin rana, ya dawo bai san wa ya zaɓa ba. Mainha tana tsaye a ƙofa tana kallon motar. Sai da ta haura arba'in aka canja doka. Ranar zaɓen ta sa rigarta ta zuwa coci mai shuɗin fure, ta yi tafiyar awa ɗaya da rabi a ƙasa da takalmi a hannu, sai a ƙofar makaranta ta sa. Ta dawo da tawada a babban yatsa, ta ƙi wanke shi har kwana biyu. Tun daga ranar ba ta taɓa fashi ba.

Creuza ta ce, "Matsalar ita ce hannun. Na hagun rawa yake yi, idon ma ba ya ganin lamba. An yarda wani ya shiga da ita ya danna mata, amma ni ina cikin masu aikin rumfa, doka ta hana ni. Zan yi wa 'yar kawu magana."

Daga baranda muka ji muryarta. Ashe kunnen lafiyarsa lau.

"Genival zai shiga da ni."

Creuza ta dube ni, na dubi waken.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Mun aro keken guragu daga ɗakin shan magani. Creuza ta tafi tun da sassafe, 'yar kawu ce ta yi wa Mainha wanka ta taje mata kai. Na tura ta a kan sabuwar kwalta, rana ta riga ta yi zafi, na riƙe mata lema da hannu ɗaya. Duk wanda muka wuce sai ya ce, "Dona Zefinha, an fito?" Ita kuma ta ce, "Da ina zan je?"

Makarantar da na yi aji huɗu ce. An yi mata fenti, amma ajin yana nan da warin allinsa. Layi ya buɗe mana. Shugaban rumfa ya tambaye ta ko ta amince da wanda zai taimaka mata. Ta ce, "Ɗana ne." Ya ce ya sani, tambayar ita ce ko ta amince. Ta ɗan jima, har Creuza ta ɗago kai daga rajista.

Mainha ta ce, "Rubuta."

Na tura ta bayan kwalin da ke kare na'urar. Mu biyu ne kawai. Ba ta iya ganin allon, na san haka, ita ma ta san na sani. Ta faɗa mini lambar ɗan takararta a hankali, ɗaya bayan ɗaya, da karkataccen bakinta. Lambar da na shekara ina zagi a bayan kanta.

Ba zan ce ban tuna da Cida ba, da akanta, da takardar harajin da ke jirana ranar ashirin ga wata mai zuwa. Na tuna. Har yanzu ina ganin mutumin nan zai ƙara mini nauyi. Na danna lambar, hoton fuskarsa ya fito a allon yana murmushi. Na kama yatsanta na hagu, mai rawar, na ɗora shi a kan koren maɓallin tabbatarwa, na ɗora nawa a kai, muka danna. Na'urar ta yi ɗan kukanta.

A hanyar dawowa muka wuce coci. Ta ce in tsaya a inuwa.

"Lambata ka danna?"

"Ita na danna, Mainha."

"Na sani. Kai tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba. Shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Da Creuza ce ta faɗa, da na ce bakinta ne kawai."

Na zagayo gabanta na durƙusa a kan kwaltar, tana ƙona mini gwiwa. Na ce na yi nadama. Na faɗe ta da irin maganarmu, ba ta São Paulo ba, ban ma san ta dawo ba.

Sai ta ce:

"Shagon yana wahala da gaske?"

Na ce yana wahala.

"To da sai ka ce haka. Ni na san wahala, da na gane." Ta gyara lemar da hannun hagu. "Ban ce ya wuce ba. Tashi, mutane suna kallo. Ka biya da ni ta wajen mahauci, hantar akuya nake so, Creuza ta hana ni tun da na faɗi."

Na ce likita fa?

"Kai tura."

Litinin, 27 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

An sanar da sakamako jiya da magariba. Sueli ta kira, Seu Ademir ma ya turo saƙo, ban buɗe ba tukuna. Lokacin Mainha ta ci hantarta ta yi barci a kujera, ba mu tashe ta ba.

Yanzu ta farka. Tana kira daga ɗaki wai waye a kicin. Na ce ni ne. Ta ce in ni ne to in rage wutar girkin, tun daga nan tana jin na cika ta.